Alƙalancin Gasar Ƙwar Biyar a Intanet: Abin da Rubutun Boko Yake Ɓoye wa Alƙali

Gasar rubutacciyar waƙa, wadda a da ake yi a zauren makaranta ko a gidan rediyo, yanzu ta fi yawa a cikin wayar salula. Masu shiryawa sukan sanar da jigo a Facebook ko a zauren WhatsApp, su gindaya sharaɗi cewa waƙa ta kasance ƙwar biyar, baiti kaza, da amsa-amo kaza, sannan su sa ranar rufe karɓa. Ɗaliban sashen nazarin harshe da malamansu na cikin waɗanda aka fi roƙo su yi alƙalanci, don ana ganin su ne masu ilimin abin. Sai dai akwai wani cikas da ba a cika lura da shi ba. Abin da ake gasa a kansa sauti ne, amma abin da ke isa hannun alƙali rubutu ne, kuma rubutun boko na Hausa ba ya nuna abubuwan da karin waƙa ya dogara a kansu.

Ƙwar biyar ita ce waƙar da kowane baitinta ke da ɗango biyar. A tsarin da aka fi sani, ɗangwaye huɗu na farko suna tarayya a ƙaramin amsa-amo, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuwa shi ke ɗauke da babban amsa-amo, wanda ba ya sauyawa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Tahamisi ma baiti mai ɗango biyar yake bayarwa, amma hanyarsa daban ce: mawaƙi ne ke ɗaukar ƙwar biyun wani, ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane baiti, amonsu ya dace da ɗangon farko na mai asali. Kowane alƙali yana iya duba wannan zubi da ido cikin ɗan lokaci. Wahalar tana cikin kari.

Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ta farko ce kaɗai marar nauyi, sauran biyun masu nauyi ne. Wannan rabo ya yi daidai da na Larabci, shi ya sa ma'aunan da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8 suka zauna wa Hausa ba tare da tilas ba a hannun malaman ƙarni na 19, su Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, da zuriyarsa da almajiransa. Joseph Greenberg ya yi bayanin wannan dacewa tun a 1949, M. K. M. Galadanci kuma ya faɗaɗa shi a 1975. Ga ɗango guda da na ƙaga don misali, a karin Mutaƙarab, wanda ƙafarsa gaɓa marar nauyi ce sai masu nauyi biyu (v – –):

Sukan kai wa sarkin gari gaisuwa

Idan aka yanka shi, za a sami su-kan-kai, wa-sar-kin, ga-rii-gai, su-waa, wato v – – sau uku sai guntuwar ƙafa v – a ƙarshe. Mai karatu ya lura cewa sai da na ninka wasali kafin yankan ya bayyana. A rubutun yau da kullum, garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi sifa ɗaya gare su, alhali na farko gajeren wasali ne a gaɓarsa ta farko, na biyu kuma dogo. A nan ma'ana ta raba gardama, tunda ba a gaida sarkin garin tuwo. Ba ko yaushe take rabawa ba.

Akwai lokacin da Nijar take nuna wannan bambanci a rubuce. Bayan taron Bamako na 1966 an yi shekaru ana ninka dogon wasali a littattafan yaƙi da jahilci na ƙasar nan, har zuwa taron Yamai na 1980 da ya daidaita ƙa'idojin rubutu da na Nijeriya, aka bar ninkawar. Mai karanta wasiƙa ko jarida bai yi asarar komai ba, don kunnensa na cike gurbin. Mai auna waƙa ne ya yi asara. Abin sha'awa, ajami bai taɓa rasa wannan ba: alif da wawu da ya suna nuna tsayin wasali, don haka ɗan takarar da ya ɗauki hoton waƙarsa ta ajami ya turo ya fi ba alƙali bayani a kan karinsa bisa ga wanda ya buga da boko. Ya kamata masu shirya gasa su buɗe wa irin waɗannan ƙofa.

Inda abin ya fi tsanani shi ne a ƙananan kalmomin nahawu, waɗanda kusan babu ɗangon da ba su ciki. Dubi wannan, shi ma ƙagagge ne:

Manomi ya dawo gida ba hatsi

Kalmar ya a nan fuska biyu gare ta. In jimlar tsaye take da kanta, labari ne na abin da ya auku, to yaa ce mai dogon wasali, ƙafa ta biyu ta zama gaɓa uku masu nauyi a jere, kari ya karye. In kuwa ɗangon ci gaban labari ne, misali wanda ya gabace shi ya buɗe da da ko ya rufe da sai, to ya ce gajera ta dogarau, ɗangon kuma ya zauna daram: ma-noo-mii, ya-daa-woo, gi-daa-baa, ha-tsii. Haruffa ɗaya, hukunci biyu, kuma babu abin da zai raba su sai nahawun baitin gaba ɗaya. Haka na da ka da ta suke. Haka kuma wasalin ƙarshen aikatau yake: a ya kama shi dogo ne, a ya kama ɓarawo gajere ne. Hannu da ido suna da dogon wasali a ƙarshe idan sunaye ne, amma a hannu da a ido sun gajarta. Baƙo wanda ya sauka a gida dogo ne a ƙarshe, Baƙo sunan yanka kuwa gajere. Alƙalin da ke yankan ɗango kalma-kalma, yana duba ƙamus a zuciyarsa ba tare da ya karanta jimlar a bakinsa ba, zai kayar da waƙa lafiyayya, ya kuma tsallake karyayya.

Wani kuskure kuma namu ne na musamman, mu da muka tashi a makarantar Faransanci. An koya mana cewa ɗangon waƙa ƙidayar gaɓoɓi ne, goma sha biyu a shahararren ma'aunin Faransawa, kuma hannu kan saba da ƙirgawa da yatsu. Waƙar Hausa ba ta bin wannan. A karin Kamil, ƙafar asali ita ce v v – v –, gaɓa biyar, amma halal ne a haɗe marasa nauyi biyun farko su zama mai nauyi ɗaya, ƙafar ta koma – – v –, gaɓa huɗu. Ɗango biyu a baiti ɗaya suna iya bambanta a yawan gaɓoɓi, kuma dukansu daidai. Irin wannan sassauci shi ake kira zihafi, wanda ke aukuwa a ƙarshen ɗango kuma ya lizimci waƙar duka shi ne illa, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba laifi ba ne. Gaɓar ƙarshen ɗango ma ana ɗaukarta mai nauyi ko da gajera ce a magana. Wanda zai zauna kujerar alƙalanci dole ya san abin da kowane kari ya yarda da shi kafin ya ɗauki jan biro. Littafin Abdulƙadir Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, ya isa mafari ga wanda bai yi darasin aruli ba.

Sai batun karin harshe, wanda a ganina shi ne ya fi shafarmu a wannan ɓangare na iyaka, kuma a nan ne ake zalunci ba da niyya ba. Gasar intanet ba ta da ƙofar gari. Ɗan Kano da ɗan Damagaram da ɗan Madawa da ɗan Dogon Dutsi duk suna turo waƙa a rana ɗaya, alƙalai kuwa yawanci daidaitacciyar Hausa ce ma'auninsu. Mu koma ga ɗangon manomi. A Hausar yamma, ta Gobir da Adar da Sakkwato, lamirin dogarau yana ninka baƙin da ke biye da shi: yad dawo, tat tahi. Gaɓar ta zama mai nauyi, ɗangon da ya zauna a bakin Bakano ya karye a bakin Ba'adare. Akasin haka ma yana faruwa. Suka gaɓa biyu ce marasa nauyi, sunka kuwa mai nauyi ce da marar nauyi, haka muka da munka, aka da anka. Ƴa gaɓa ɗaya ce, ɗiya biyu. Mawaƙin Tawa da ya tsara ɗangonsa da sunka a kansa, sannan ya gyara rubutun zuwa suka don gudun a ce bai iya Hausar littafi ba, ya karya waƙarsa da hannunsa a takarda, ko da yake a bakinsa lafiya lau take. Wanda kuma ya bar sunka yadda take, wani alƙalin zai ja masa layi ya ce kuskuren rubutu ne. Duk wanda ya karanta waƙoƙin masu jihadi ya san cike suke da waɗannan siffofi, kuma mawaƙan gabas na ƙarni na 20 sun yi ta aronsu duk lokacin da kari ya bukata. Mai son ganin tsarin Hausar Adar a rubuce ya nemi aikin Bernard Caron na 1991.

Amsa-amo ma bai tsira daga wannan ba. A yawancin Hausar Nijar, abin da ake rubutawa tafi da ƙarfi ana faɗinsa tahi da ƙarhi. Mawaƙin Maraɗi da ya rufe baiti ɗaya da ƙarfi, na gaba da sharhi, na uku da sahihi, bai saɓa amo ba ko kaɗan: a harshensa hi ce sau uku. Alƙalin da ke kallon allo zai ga fi da hi ya rage masa maki. Inda Kano ke cewa gaskiya ce, yamma na cewa gaskiya ta. Inda ake cewa gidansa, wasu gidanai suke cewa, wasu gidanshi. Kowanne daga cikin waɗannan na iya faɗowa a ƙarshen ɗango. Hukuncin da nake gani adalci shi ne a auna kowace waƙa da karin harshen da aka tsara ta a cikinsa, da sharaɗi ɗaya, wato mai waƙa ya faɗi karin harshensa a lokacin turowa. Ba na ganin laifin wanda ya ari sunka sau ɗaya ko biyu, tunda magabata sun yi. Wanda nake ƙi shi ne mai son a karanta masa fi a matsayin hi a baiti na uku, sannan a matsayin fi a baiti na shida, gwargwadon inda amo ya matse shi.

Wayar kanta tana ƙara nata ruɗanin. Da yawan ƴan takara ba su da madannai masu ƙugiya, sai ƙ da ɗ da ɓ su zo a matsayin k da d da b. A zube wannan ƙaramin abu ne. A waƙar da babban amonta ƙi ne kuwa, alƙali yana bukatar sanin ko baki aka rubuta ko baƙi, domin na farko ya fita daga amo, na biyu yana ciki. Malaman ƙafiya na Larabci suna da suna ga laifin musanya baƙin amo da makusancinsa, ikfa'i suke ce masa. Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum wannan laifi saboda wayarsa, ba daidai ba ne kuma a bar wani ya ɓuya a bayan rashin ƙugiya. Sai r guda biyu da Hausa take da su, ta bara mai hidima da ta bara ta almajiri, waɗanda boko ke rubutawa da harafi ɗaya. Ra'ayina a nan shi ne a bar su su amsa wa juna, don kunnen mai saurare ba ya jin haɗuwarsu a matsayin tuntuɓe.

Bayan an tabbatar amo ya daidaita, akwai tambayar ko nawa mawaƙi ya biya kafin ya same shi. Kalmomin Hausa masu ƙarewa da wasalin a ba su ƙidayuwa, don haka wanda ya zaɓi a tsurarta a matsayin amo bai ɗaure kansa da komai ba. Wanda ya zaɓi wa, ya yi ta jero zuwa da komawa da tahowa da dawowa, nahawu ne ya yi masa aikin. Haka mai rufe kowane baiti da ba ta korewa. Ba haramun ba ne, manyan mawaƙa sun yi, amma idan waƙa biyu suka yi kunnen doki, wadda ta riƙe baƙi da wasali tare, ta kuma samo kalmominta daga azuzuwa daban-daban, suna nan, aikatau can, sifa gaba, ita ta fi nuna ƙwarewa. Maimaita kalmar amo da ma'anarta ɗaya, abin da Larabawa ke kira ita'i, galibin malamansu sun yafe shi in baiti bakwai suka shiga tsakani. A gasar baiti goma wannan rangwame kusan ba shi da wurin aiki. Sai dai a bambanta shi da waƙar da aka gina da gangan a kan kalma ɗaya mai rufe kowane baiti, wadda tsohuwar al'ada ce a waƙoƙin wa'azi.

Akwai kuma mataki na sama da wannan, wanda Dalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya jawo hankali gare shi a 1980, wato amsa-amon kari. Ya nuna cewa a wasu waƙoƙi ƙarshen ɗangwaye ba a baƙi da wasali kaɗai suke haɗuwa ba, har da hawa da saukar murya. Boko ba ya rubuta karin sauti sam, don haka alƙalin da bai furta ba ba zai ma san akwai shi ba. Ba na goyon bayan a mai da shi sharaɗi, amma ya cancanci zama abin raba gardama tsakanin na ɗaya da na biyu.

Duk wannan ya nuna cewa sai an ji waƙa. Mafita mafi kusa ita ce saƙon murya, wanda kowace waya ke iya aikawa. Amma shi ma da nasa tarko. Mai rerawa yana iya jan gajeren wasali ya cika masa gurbi, ya haɗiye gaɓar da ta yi yawa, har karyayyen ɗango ya wuce ba a ji ba. Binciken da Bruce Hayes da Russell Schuh suka wallafa a 2019 a kan karin Rajaz na Hausa ya nuna cewa tsarin gaɓoɓin matani abu ne daban, yadda mai rerawa ke shimfiɗa su a kan bugun rauji kuma abu ne daban, har mutum biyu na iya rera kari ɗaya ta hanyoyi mabambanta. Ga kuma zaƙin murya, wanda ke sace hankalin alƙali ya manta cewa ba gasar rerawa ake ba. Ga shi murya tana tona asirin mai ita, mace ce ko namiji, ɗan wane yanki ne, wataƙila ma ɗalibin alƙalin ne.

Saboda haka tsarin da na fi natsuwa da shi zagaye biyu ne. A na farko, wani wanda ba ya cikin alƙalai ya cire sunaye ya sa lambobi, kowace waƙa kuma ta zo da sunan karinta, da karin harshenta, da baitinta na farko a yanke da ninkakkun wasula daga hannun mai ita. Wannan baiti guda yana gaya wa alƙali yadda mawaƙi ke jin waƙarsa, yana kuma tankaɗe waɗanda suka kwafo ta wani ko suka sa na'ura ta jera musu kalmomi masu ƙarewa da harafi ɗaya, don wanda bai tsara ba da wuya ya iya yankawa. A na biyu, waɗanda suka tsallake su turo murya iri biyu, karatu na zube ba rauji, sannan rerawa. Da na farko ake auna kari da amo. Na biyu don jin daɗin jama'a ne ranar sanar da sakamako.

Game da rabon maki, an saba raba ɗari gida-gida, kaza ga jigo, kaza ga salo, kaza ga zubi da tsari, a tara. Wannan na da aibi a gasar da aka ce ta ƙwar biyar ce: waƙa mai kyawun ma'ana wadda rabin ɗangwayenta suka karye tana iya tara makin da zai kai ta gaba, sai ya zama an ba da kyautar ƙwar biyar ga abin da ba ƙwar biyar ba. Gara a mai da zubi da kari da amo mashigi, a faɗi tun a sanarwa ɗango nawa karyayyu za a iya yafewa, wanda ya wuce haddin ya tsaya a nan. Waɗanda suka shiga kuwa kada a sake fifita su da tsabtar kari, tunda duk sun mallake ta. A duba wanda ɗangonsa na biyar ke sauke nauyin da huɗun farko suka ɗauko, da wanda nasa cikon amo ne kawai. A duba wanda ya juya jimla ta koma baibai don kalmar amo ta faɗo ƙarshe, da wanda Hausarsa ke tafiya kamar ba a ɗaure take ba. Ƙuri'ar masu danna alamar so kuwa, in har za a yi ta, a ware mata kyautarta daban, domin yawan abokai take aunawa.

Abu na ƙarshe da ke wuyan alƙalai shi ne bayyana hujja. A zauren makaranta wanda aka kayar yana iya tare malam a bakin ƙofa ya tambaya. A intanet jerin sunaye kawai yake gani, sai zargi ya biyo baya, yawanci zargin ɓangaranci tsakanin gabas da yamma ko tsakanin ƙasashen biyu. In an mayar wa kowane ɗan takara waƙarsa da alamar v da – a ƙarƙashin ɗangon da aka ce ya karye, aka ba shi kwana biyu ko uku ya nuna cewa a Hausarsu gaɓar nan doguwa ce, to kwamiti zai bukaci aƙalla mutum ɗaya mai Hausar yamma da ɗaya mai ta gabas da za su saurari ƙorafin. Takardun yankan da saƙonnin muryar kuma, in masu su sun yarda, sashen nazarin harshe na iya adana su da sunan garin kowane mai waƙa, ga ɗaliban da ke neman abin rubuta kundi a kan tsayin wasali a karorin harshen Nijar.